Masu Shirin Keta Hamada Da Motar Tsere, Ku Tuna Akwai Mutane A Hanya



Duk wanda ya zauna Zangon Kwatano ya san cewa mota ita ce hirar garin. Jiragen ruwa suna sauke ta a tasha, ana jera ta a filayen Sekanji da Ekpe, masu saye suna zuwa daga Nijar da Nijeriya, har ta kai duk motar da aka taɓa hawa a Turai sunanta 'yar Kwatano. A cikin samarinmu masu wannan sana'a akwai waɗanda burinsu shi ne wata rana su sami motar tsere, irin mai ƙasa-ƙasan nan, su ɗauki hanya tun daga bakin teku har Agadas da Arlit, su ga iyakar gudunta a inda suke zaton babu kowa. Wannan zato nasu shi ne abin da muke son mu yi magana a kansa. Wurin da direba yake kira babu kowa, nan ne makiyayarmu, nan rijiyoyinmu suke, nan 'ya'yanmu suke bin dabbobi.

Mu fara da hanyar kanta. Daga Kwatano zuwa Malanbil ta Bohikon, Paraku da Kandi ya haura kilomita 700, kuma a kan wannan titi kasuwar shanu ta Gogunu take. In an haye gadar Kwara sai Gaya, Doso, Dogondutsi, Ƙonni, Tawa. Daga Tawa ne ake shiga hanyar da aka shimfiɗa saboda jigilar yuraniyom, wadda ta bi ta Abalak zuwa Agadas, kimanin kilomita 400, sannan Arlit, kimanin 240 a gaba. Tun 1961 dokar Nijar ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar da cewa yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Ke nan titin Tawa zuwa Agadas baƙo ne a ƙasar kiwo. Ya tarar da burtali a wurin, ya ratsa shi. Da damina garkuna suna haurawa arewa zuwa ƙasar gishiri ta Ingal, inda ake babban taron makiyaya a watan Satumba, da kaka kuma su juyo kudu, kuma dole su tsallake kwalta.

To, ga lissafin da ba a yi wa samari a wurin sayen mota. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa guda. Daga lokacin da direba ya hango saniya zuwa lokacin da motar za ta tsaya cak, ta ci fiye da mita 100, a kwalta mai kyau ke nan. In iska ta watso rairayi a kan titi, abin ya wuce haka. Bijimin Azawak yana haura kilo 300. Raƙumi kuwa ya fi haɗari, don motar tana share ƙafafunsa ne, gangar jikin ta faɗo kan gilashi. Gwargwadon ƙanƙantar mota, gwargwadon munin abin. Saniya ba ta san oda ba, kuma in ta gaba ta shiga titi sauran garken binta za su yi, yaron da ke korarsu yana baya da sandarsa.

Ba yau aka fara gwada wannan wasa a ƙasarmu ba. A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da babur ɗinsa a hamadar arewacin Nijar lokacin tseren Abijan zuwa Nis. Da aka ceto shi sai ya ƙirƙiro tseren Paris-Dakar, wanda ya tashi daga babban birnin Faransa ranar 26 ga Disamba 1978 da motoci da babura 182, guda 74 kawai suka isa Dakar. Shekaru da dama tseren yana bi ta Agadas da hamadar Tenere. A Janairu 1982 ɗan firayim ministar Ingila, Mark Thatcher, ya ɓace kwana shida a hamadar Aljeriya, aka tashi jiragen sama ana nemansa, duniya ta ɗauka, har aka gano shi da ransa. Shi Sabine kansa jirgi mai saukar ungulu ne ya faɗi da shi a Mali a Janairu 1986.

Waɗannan su ne sunayen da jaridun Turai suka riƙe. Mu kuma ga abin da muka riƙe. A 1988 motar wani ɗan tsere ta kaɗe yarinya 'yar shekara 10 a Mali ta mutu, a wannan shekara kuma motar masu ɗaukar hoton tseren ta kashe wata mata da ɗiyarta a Muritaniya. A 2006 yara maza biyu suka mutu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Duk da haka tseren bai bar Afirka saboda su ba. Sai da aka kashe Faransawa huɗu masu yawon buɗe ido a Muritaniya a Disamba 2007 sannan aka soke na 2008. Daga 2009 aka koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Mai hankali ya duba ya ga ran wa aka sa a ma'auni.

Kafin duk wannan ma akwai labarin itacen Tenere, wani itacen ƙaya guda ɗaya tal da ke tsaye kusa da rijiya a hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma. Madugai da Buzaye sun yi ta wucewa zuriya bayan zuriya, ba mai karya reshensa ya dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi, a filin da babu wani abin karo sai shi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Ba mu hana kowa tafiya ba, mu ma matafiya ne. Amma ya ku samarinmu, in za ku tsara tafiya ku tsara ta irin ta madugu. Ku fara da labarin hanya: tun ƙarshen 2021 'yan bindiga suke kai hare-hare a arewacin Benin, kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar Malanbil, don haka ku binciki halin da ake ciki kafin ku tada inji. Ku ɗauki ruwa fiye da mai. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92, galibinsu mata da yara, a arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Kada mota guda ta shiga ita kaɗai. Kada ku yi tafiyar dare. In kun hango ƙura a gefen titi, ko rijiya, ko bukkoki, ku ɗaga ƙafa. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa ba ta hanya mai ramuka ba ce, kuma babu makanikenta a daji. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga hukuma kuwa, buƙatunmu uku ne. Na farko, kada a ba wani tsere ko jerin gwanon motoci izinin ratsa ƙasar kiwo sai an sanar da arɗaɗe da sarakunan yankin tun da wuri, kuma a kauce wa lokacin hawa da saukar garkuna. Na biyu, a kafa alamu a inda burtali ya haɗu da kwalta da kusa da mashaya da kasuwannin dabbobi. Na uku, wanda ya kaɗe dabba ya tsaya ya kai kansa ga jandarma, a kimanta ta da kuɗin kasuwar ranar, a biya mai ita. Saniya mai tatsa abincin gida guda ce, ba a rufe maganarta da kuɗin goro.

Mu ma da namu nauyin. Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai ya tsallakar da garke, babba ya tsaya a titi har ta ƙarshe ta haye. In tsautsayi ya auku kada a ɗauki doka a hannu, a riƙe lambar mota a kawo wa ƙungiya ta bi kadi. Dattawan Zango kuma, ku da 'ya'yanku ke tuƙa motocin nan arewa, ku tuna musu cewa da yawa daga gidajen unguwar nan da kuɗin shanu da goro aka gina su. Yaron da ke bayan garke a hanyar Abalak ɗan uwansu ne.

Allah ya tsare matafiya, ya tsare dukiyar makiyaya, ya kai kowa gida lafiya, amin.