A Ware Wa Yaranmu Wurin Hucewa A Makarantun Suleja

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi kira ga hukumomin ilimi da iyaye a Suleja game da wasu ɗalibai da muke ƙuntata wa ba da saninmu ba.

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe da alli ya san irin yaran nan. Akwai mai toshe kunne da zarar an kaɗa ƙararrawa ko ruwan sama ya fara dukan kwano. Akwai mai shigewa ƙarƙashin benci idan aji ya kaure da karatun baki ɗaya. Akwai wanda za a ɗan goge shi a layi sai ya fashe da ihu ya kai duka. Mukan ce taurin kai ne, ko sangarta, ko iska ce ta taɓa shi, sai a ɗauko bulala. Alhali da yawansu lalura ce. Wasu galahanga ke damunsu, ƙwaƙwalwarsu ba ta iya tace ƙara da haske da taɓi yadda ta sauran yara ke yi, komai sai ya afko musu lokaci guda. Wasu kuma firgici ne ya zauna musu a zuciya. Jihar Neja ba baƙuwar wannan ba ce. A 2021 an sace yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. Ranar 18 ga Janairu, 2025, tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, nan kusa da mu, mutum fiye da 80 suka rasu. Marayun irin waɗannan masifu da 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka suna cikin azuzuwanmu, a garin da cunkoson ma'aikatan Abuja ya riga ya cika makarantunsa maƙil.

Yaron da hankalinsa ya tashi haka ba ya jin nasiha, balle karatu. Zuciyarsa bugawa take, jikinsa na rawa, duka kuwa ƙara masa firgita yake yi. Abin da yake bukata shi ne ya fita daga hayaniya na ɗan lokaci har numfashinsa ya daidaita, sannan a yi magana.

Saboda haka nake roƙon kowace makaranta ta ware wurin hucewa. Dabarar ta samu karɓuwa ne tun shekarun 1970, lokacin da Ad Verheul da Jan Hulsegge suka fara shirya irin waɗannan ɗakuna a ƙasar Holan, suka kira su Snoezelen. Nasu na da fitilu da kayan tsada, amma ruhin abin bai fi ƙarfinmu ba. Wani lungu a ofishin hedimasta ko ɗakin ajiya da aka share ya isa: tabarma, matashin kai, labule mai rage haske, randar ruwa, littattafan hotuna, takarda da fensir, da yumɓu da yaro zai riƙa murzawa. Inda babu ɗaki, inuwar mangwaro nesa da titi ma ta yi.

Sai dai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada wurin ya koma kurkuku. Ba a kulle ƙofa, ba a barin yaro shi kaɗai ba babba, ba a tura shi can da sunan horo, ba a kuma barin 'yan aji su yi masa tsiya. A koya masa alamar da zai nuna wa malami tun kafin abin ya kai maƙura, ya je ya natsu, ya dawo darasi. Iyaye su ma a tambaye su, domin uwa ta fi kowa sanin abin da ke tayar wa ɗanta da hankali da abin da ke kwantar masa. Idan lamarin ya ci tura, a kai shi asibiti.

Wannan ba alfarma ba ce. Dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ƙwararren ma'aikaci ɗaya da kayan aiki domin irin waɗannan ɗalibai. Ina kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya (SUBEB) ta Jihar Neja da sashen ilimi na ƙaramar hukumar Suleja su horar da malami ɗaya a kowace firamare. Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo ta daɗe tana yaye masu wannan fanni. Ƙungiyoyin iyaye da malamai, da masu Islamiyyu da makarantun kuɗi, su fara da tabarma da labule tun wannan zango, kada su jira kasafin kuɗi.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar yaran nan.

Naka,
Wani malamin firamare,
Iku, Suleja, Jihar Neja.