Gawa ta masu ita ce

Ƴan'uwana ɗalibbai, Hausa ba ta da kalma guda ta wurin da ake ƙona mamaci. Sai dai mu ce "gidan ƙona gawa", kuma da jin sunan wasu sun fara tsaki. Bidiyon Indiya na shigowa WhatsApp, sai dariya da zagi. Haba jama'a!

Ga mabiyin addinin Hindu, wannan gida shi ne maƙabartarsa. Nan ake kai uba, babban ɗa ya kunna wutar da hannunsa, a kwashe toka a kai kogi. A watan Afrilun 2021, da korona ta mamaye Delhi, wuraren sun cika har aka riƙa jera itace a filin ajiye motoci, ma'aikata na aiki dare da rana don kar iyali su koma gida da gawarsu. Wannan hidima ce, irin wadda masu haƙa kabari ke yi mana.

Yanzu mu duba Siri Lanka. A 2020 gwamnati ta tilasta ƙona duk wanda korona ta kashe, har da Musulmi da Kirista, wai binnewa za ta gurɓata ruwan ƙasa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya binnewa. A Kolombo har jariri ɗan kwana 20 aka ƙona, iyayensa Musulmi ba su yarda ba. Mutane suka riƙa ɗaura fararen ƙyallaye a shingen wurin don nuna fushinsu. Sai a Fabrairun 2021 aka janye dokar, a 2024 gwamnati ta nemi gafara. Gafarar ta maido wa uwa kabarin da za ta ziyarta?

Wuta guda ce a ƙasashen biyu. A Delhi iyali suka zaɓa, a Kolombo an ƙwace musu. Wani zai ce addininmu ya hana ƙonawa. Gaskiya ne, mu ya hana, shi ya sa abin Kolombo ke ci mana rai. To da wane baki za mu nemi a bar mu da likkafaninmu, muna yi wa maraya dariya ranar da yake sallamar ubansa? In bidiyon ya sake zuwa wayarka, kar ka tura ma kowa. Makoki ne kake kallo.