Balaraba Ramat Yakubu: Yarinyar Da Aka Cire Daga Makaranta Ta Zama Marubuciya

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wata baiwar Allah wadda samari da 'yan mata suka daɗe suna karanta littattafanta, wato Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, domin akwai abin lura a cikinta ga kowane mai 'ya mace.

An haife ta a birnin Kano a shekarar 1959. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 har zuwa ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da aka kashe shi a Legas. Duk da girman gidan da ta fito, ba ta yi nisa a firamare ba aka cire ta, aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13. Auren bai yi ƙarko ba. Daga bisani ta shiga ajin yaƙi da jahilci, inda ta ci gaba da neman abin da ya kuɓuce mata tun tana ƙarama. Da Hausa ta yi karatu, da Hausa kuma ta yi rubutu.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, a daidai lokacin da matasan Kano suka fara buga ƙagaggun labarai da kuɗin aljihunsu, abin da wasu manazarta suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Ta kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da irin su Ado Ahmad Gidan Dabino. A 1990 ta fitar da littattafai biyu da suka ɗaukaka sunanta: Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne.

Na farkon labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta. Ɗan uwanta da aka yi mata alkawarinsa ya ƙi ta saboda ba ta yi karatu ba, sai aka ɗaura mata aure da wani dattijo, Sarkin Noma. Ta gudu wurin gwaggonta a birni, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Na biyun kuwa labarin Rabi ne, wadda mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta riƙe su da sana'ar sayar da abinci. An mayar da shi fim a 1998, sa'an nan a 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi.

Ba kowa ne ya yi na'am da littattafan wannan zamani ba. Malamai da iyaye da dama sun yi kukan cewa suna shagaltar da ɗalibai, har a 2007 aka ƙona wasu littattafan soyayya a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Kukan yana da tushe, domin a kasuwa akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. Sai dai mai hankali sheƙewa yake yi, ba ya zubar da kwarya gaba ɗaya. Wanda ya karanta labarin Abu da idon basira zai ga hujjar da aka kafa wa mahaifinta daga cikin addini aka ɗauko ta: neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji, kuma ba a aurar da budurwa sai da yardarta.

Mu a nan Simsim da sauran ƙauyukan Gadarif, maganar ta fi kusa da mu. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya rufe makarantun Sudan na tsawon lokaci, kuma sanin kowa ne idan karatu ya tsaya, 'ya mace ce ta fi wuyar komawa aji. Aikin riɗi da dawa yana jiranta, masu neman aure kuma suna sallama. Uban da ya ce shekara ɗaya ba komai ba ce, ya tuna Balaraba sai da ta sha ɗacin aure da saki kafin ta sake riƙe alƙalami, kuma ba kowace yarinya ce take samun wannan dama ta biyu ba.

Shawarata ga iyaye biyu ce. Ta farko, duk yarinyar da karatunta ya katse a mayar da ita, ko da ajin yamma ne. Ta biyu, 'ya'yanmu suna jin Hausa amma da Larabci suke karatu, don haka a koya musu karanta harshen iyayensu, kuma uwa ko uba su fara duba littafi kafin su miƙa wa yaro, sa'an nan a zauna a tattauna abin da ke ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.