Tiramadol, Gajiya da Tsokar da Ba a Bari Ta Warke

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2024, Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari a Wasanni ta Duniya, WADA, ta haramta wa 'yan wasa shan tiramadol a lokacin gasa. Hukuncin ya shafi filin wasa ne kawai, amma dalilinsa ya fi shafar lebura, ɗan dako da mai haƙar ma'adinai: ƙwayar tana ɓoye ciwo, mutum ya ci gaba da aiki da tsokar da ke neman hutu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin UNODC a 2018 ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba.

Domin gane illar, sai an san yadda tsoka ke gyara kanta. A 1961, masanin kimiyya Alexander Mauro ya gano wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance a gefen zaren tsokar kwaɗo. Daga baya aka tabbatar cewa su ne ƙwayoyin tushe na tsoka. Yawancin lokaci barci suke yi. Idan aiki mai nauyi ko motsa jiki ya yi wa zaren ƙananan raunuka, kumburin da ke biyo baya yana taimakawa wajen tashe su. Sai su rarrabu, wasu su haɗe da zaren su ɗinke shi, wasu su koma barci domin gaba. Wannan aiki kwanaki yake ɗauka, kuma yana buƙatar barci da abinci mai gina jiki.

Motsa jiki daidai gwargwado yana ƙarfafa waɗannan ƙwayoyi. A 2020, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna cewa tsofaffin ɓeraye da suka yi makonni uku suna gudu a kan ƙaramin gargare sun fi takwarorinsu saurin warkar da raunin tsoka. Sai dai magani na iya katse wannan amfani. A wani gwaji da aka wallafa a 2007 a Denmak, 'yan tseren da suka yi gudun kilomita 36 sun samu ƙaruwar ƙwayoyin, yayin da waɗanda suka sha maganin kumburi na indomethacin ba su samu ba. Tiramadol ba ta wannan hanya yake aiki ba; shi ƙararrawar ciwon yake kashewa, sai a ɗora rauni kan rauni.

A nan batun ya zama na siyasa. Ɗan ƙwallon Turai yana da likita da ranakun hutu a kwantiraginsa. Ma'aikacin da ake biya kullum kuwa, ranar da bai fita ba, tukunya ba ta hau wuta ba. Kamen da NDLEA ke yi a tashoshin jiragen ruwa yana rage ƙwayar a kasuwa, amma bai taɓa dalilin da ke sa a neme ta ba. Muddin dokar ƙwadago da inshorar lafiya ba su isa ga mai aikin ƙarfi ba, zai ci gaba da cin bashin lafiyarsa, ya biya shi da tsufa tun yana ɗan shekara 40.