Rigar nutso daban, rigar ceto daban

Makon jiya na shiga wata kasuwa ta nan Yamai neman takalman yara, sai idona ya faɗa bisa wata baƙar riga rataye cikin kayan gwanjo, da maɗaurai barkatai da wani tiyo mai kauri a kafaɗar hagu. Mai kayan ya ce mini: "Malam, rigar ceto ce ta Turawa, wanda ya sa ta ko teku ya faɗa ba ya nutsewa." Wani dattijo mai fiton mutane da kwalekwale har ya fara taya ta. Mai kayan ba ƙarya ya nufa ba, sai dai rashin sani ya fi dare duhu. Wannan riga ta masu nutso ce, waɗanda ke goya kwalbar iska su shiga ƙarƙashin ruwa.

Rigar ceto aikinta ɗaya ne, ta riƙe mutum bisa ruwa. Wadda aka cusa wa soso ba ta bukatar a hura ta, kuma mai kyau daga cikinsu tana juya wanda ya suma fuskarsa ta dubi sama. Ita ko rigar nutso salka ce ta iska, in babu iska ciki ba ta ɗaukar kowa. Ko an hura ta, da yawansu kifa mutum suke bisa fuska, shi ya sa masu ƙera ta ke rubutawa a jikinta cewa ba rigar ceto ba ce.

To mine ne amfaninta? Masuncin da ke kwanciya bisa gora ya san iska na ɗaukar nauyi: lita guda ta iska tana ɗaga kilo guda cikin ruwa. Amma ruwa yana matse iska. A zurfin mita 10, iskar da ke cikin rigar tana komawa rabin girmanta, sai mai nutso ya yi nauyi ya riƙa lumewa. In ya taso kuma ta kumbura ta fizge shi sama, alhali tasowa da gaggawa tana iya fasa huhu ko ta shanye jiki. Don haka yana ƙara iska yana ragewa, har ya tsaya tsakiyar ruwa kamar kifi. Wani Bafaranshe, Maurice Fenzy, shi ya fito da irinta mai kama da abin wuya a 1961, kafin daga baya ta zama riga sosai.

Zancen ya shafe mu. Duk wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2020 ya san kogin Isa ba abokin wasa ba ne. In kwalekwale ya kife ko yaro ya ɓace kusa da gadar Kennedy, Sarkawa da ƴan kwana-kwana ake nema. Kayan da mai nutso zai shiga da su kuwa, ma'aikaci ne ke rubuta takardar sayensu a biro, ɗan kasuwa ya kawo, kuma galibi dukansu biyu ba su taɓa sa ƙafa cikin ruwa ba.

Abu na farko shi ne awo. A kira mai nutson ya gwada rigar da kansa, bisa tufafin da yake shiga ruwa da su, a hura ta ta cika. In ta matse masa ƙirji har numfashi ya yi wuya, ta yi kaɗan. In ta haye masa zuwa kunnuwa, ta yi yawa. Sayen dozin guda masu girma ɗaya don a samu rangwame, asarar kuɗin gwamnati ce.

Iri biyu ne suka fi yawa: mai kewaye jiki, da mai iska a baya kaɗai. Ta biyun tana kwantar da mutum sosai cikin ruwa, gwanaye na son ta. Amma ga aikin ceto, inda za a daɗe bisa ruwa ana riƙe da wani, ni ta farkon na fi yarda da ita, don tana tsai da mutum kansa a sama.

Sai a tuna an ƙera yawancinsu ne don teku mai garau. Namu kogin, daga Agusta zuwa Satumba, lokacin da Sirba da Gorouol da Dargol ke zubo masa jan ruwa, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ga ƙarfin ruwa, ga tsofaffin taru da kainuwa. Riga mai yawan aljihu da ƙugiyoyi tarko ce. A nemi mara ado, wadda hannu zai lalubo maɓallin hurawa da mafitar iska cikin duhu, da dalma mai saurin kwancewa. Ruwan kogi kuma bai kai na gishiri ɗaukar nauyi ba, sai a rage kamar kilo 2 daga dalmar da ake ɗaurawa a teku. A duba ko tana ɗauke da lambar EN 1809, ƙa'idar Turai ta irin waɗannan riguna, kuma a tambayi mai kawowa ko yana da kayan gyaranta, domin zafin Afrilu na Yamai yana cin roba tun tana ajiye cikin sito.

Ta gwanjo kuwa, kada a biya sai an hura ta tam an bar ta ta kwana. In da safe ta yi laushi, tana yoyo. Na gaya wa dattijon nan haka, na ƙara masa da cewa ko ba ta yoyo ba tasa ba ce. Ya mayar da ita bisa ƙusa, ya tambayi mai kayan ko yana da ta soso, mai launin lemu, wadda ake hangowa daga nesa.