Raya Dutse da kuɗin 'yan kasuwa: Darasin da ya kamata a ɗauka daga Kano

Ranar 27 ga Agustan 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ta wayi gari a matsayin babban birnin jiha ba tare da ta shirya wa hakan ba. Shekaru da dama ma'aikata na wuni a Dutse su kwana a Kano. Gwamnatin Saminu Turaki ta rarraba ma'aikatu zuwa wasu garuruwan jihar, sai Sule Lamido ya dawo da su Dutse bayan hawansa mulki a 2007. Daga nan garin ya fara ɗaukar kamannin birni: sabuwar sakatariya, tituna masu tagwayen hanyoyi, Jami'ar Tarayya a 2011, da filin jirgin sama a 2014.

Kusan dukkan waɗannan ayyuka daga baitulmalin gwamnati suka fito. Yanzu kuwa buƙatun garin sun zarce ƙarfin baitulmalin. Ana neman gidajen ma'aikata, ɗakunan kwanan ɗalibai, shaguna, tashoshin mota, magudanan ruwa da tsarin kwashe shara, a jihar da mafi yawan kuɗin shigarta daga kason Tarayya yake zuwa. Shi ya sa maganar haɗin gwiwa da masu zuba jari ta zama ruwan dare a bakin jami'ai, kuma tun 2013 jihar ke da hukumar InvestJigawa domin jawo su.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Gwamnati ta ba da fili, kamfani ya zuba kuɗi ya gina, ya ci moriyar ginin na wasu shekaru, sannan ya miƙa shi ko a raba shaguna bisa kason da aka amince. Abin lura shi ne hannun jarin gwamnati a nan fili ne, kuma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana domin amfanin jama'a. Duk yarjejeniyar da aka ƙulla a kan fili, da dukiyar mutanen gari aka ƙulla ta.

Kano ta nuna abin da kan faru idan aka yi sakaci da wannan. A zamanin Abdullahi Ganduje an ba da filaye da dama a cikin birni ga masu gine-gine, wasu da sunan haɗin gwiwa. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Abba Kabir Yusuf, aka fara rusau a tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi da wasu wuraren, bisa hujjar cewa an cefanar da kadarorin jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnati ta biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare ke da gaskiya, asarar ta faɗa ne kan ɗan kasuwar da ya sayi shago da guminsa, da kuma baitulmalin da aka ɗebi diyya daga ciki.

Akwai kuma cibiyar dillancin magunguna ta Dangwauro, wadda aka gina ta hanyar haɗin gwiwa. An kammala ginin, amma sai da aka kai ruwa rana, har gaban kotu, kafin masu sayar da magani na Sabon Gari suka koma can a 2024. Gina kasuwa abu ne mai sauƙi idan akwai kuɗi. Shawo kan mai shago ya bar inda abokan cinikinsa suka saba samunsa shi ne aikin.

Dutse na da wata dama da Kano ta rasa tuntuni: har yanzu tana da sarari, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a ba kowane kamfani fili, ya kamata Hukumar Raya Babban Birnin Dutse ta fito da taswirar garin a bainar jama'a, wadda ta keɓe hanyoyin ruwa, filayen makarantu, maƙabartu da filayen idi a matsayin wuraren da ba sa shiga ciniki. Garin da ke gindin duwatsu, inda ruwan sama ke gangarowa da ƙarfi, bai kamata a toshe masa hanyar ruwa da shaguna ba.

Bayan taswira sai bayyana sharuɗɗa. Jigawa na da hukumar tantance kwangiloli, kuma babu dalilin da zai sa yarjejeniyar fili ta kauce mata. A tallata aikin, kamfanoni su yi takara, a wallafa girman filin, ƙimarsa, shekarun yarjejeniya da kason kowa, sannan Majalisar Dokoki ta san da manyan cikinsu. Wannan kariya ce ga mai zuba jari kansa, domin yarjejeniyar da kowa ya ga abin da ke cikinta tana da wuyar rushewa idan mulki ya sauya hannu.

Sai tambayar da ta fi damun mai karatu: wa zai iya biya? Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Rukunin gidajen da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya mallaka ta hanyar cire kuɗi daga albashi a hankali ba, zai ƙare ne a hannun masu hali su riƙa ba shi haya. Haka ma kasuwa. Idan za a sabunta kasuwar Dutse ko ta Shuwarin da ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya dace a ƙidaya masu rumfuna tun kafin a kawo bulo, a rubuta cewa su za a fara ba shago, a farashin da aka tsayar tare da shugabanninsu.

Manoman gefen gari su ma suna cikin lissafi. Dokar 1978 tana biyan diyya ne a kan amfanin gona, itatuwa da gini, ban da ƙasar kanta. Idan aka karɓi gona da sunan amfanin jama'a, aka miƙa wa kamfanin da zai sayar da fuloti da tsada, adalci ya buƙaci a ware wa mai gonar kaso a cikin filin.

Gwamnatin Umar Namadi na da ikon shimfiɗa waɗannan ƙa'idoji a yanzu, tun filayen Dutse ba su kai darajar da za a yi rigima a kansu kamar na Kano ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata kuma su nemi ganin takardun tun kafin a sa hannu, domin bayan an zuba kankare, kotu kaɗai ke rage musu.