Ƙoƙon Kai Da Malam Buɗe Littafi: Wa'azin Wane Ne A Damtsen 'Ya'yanmu?



Akwai wata jarfa, wadda yara suke kira tatu, da ta shigo mana ta wayar salula. Ƙoƙon kan mutum ne, malam buɗe littafi yana zaune a goshinsa ko yana fitowa daga ramin ido, wani lokaci kuma rabin fuskar ƙashi ne, rabi fiffike. Yaro zai tafi karatu ko neman kuɗi a Jos, Kaduna ko Abuja, ya dawo hutun Kirsimati da ita a damtse. Idan dattijo ya yi magana, amsa a shirye take: "Baba, ai wa'azi ne. Ƙoƙon kai mutuwa ce, malam buɗe littafi kuwa tashin matattu." Mu ba mu yarda da wannan amsa ba.

Ba duka maganarsu ce ƙarya ba. Golgota ma'anarsa wurin ƙoƙon kai, kuma masu zane a majami'un Turai na dā sukan ajiye ƙoƙon kai a gindin gicciye, suna nufin Adamu wanda mutuwa ta shigo ta wurinsa. Sun kuma yi misali da tsutsar da take naɗe kanta kamar gawa, daga baya ta fito da fukafukai. Amma a waɗannan zane-zane gicciye ne a tsakiya, ƙoƙon kai yana ƙarƙashinsa a kāye. A hoton da ake sayar wa 'ya'yanmu an cire gicciyen, an yi wa mutuwa kwalliya, rai kuma yana tashi abinsa ba tare da Mai Ceto ba. Wannan wace irin bishara ce?

Ku karɓi wayar ku duba da kyau. Da yawa cikin hotunan, fiffiken ruwan goro ne da baƙi, idon ƙoƙon kan kuma furanni ne. Wannan kwalliya daga ƙasar Meksiko ta fito, inda ake bikin Ranar Matattu a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. A daidai wannan lokaci ne miliyoyin wani irin malam buɗe littafi suke isowa duwatsun jihar Michoakan daga Kanada da Amurka, tafiyar da takan kai kilomita 4,000. Wasu ƙabilun wurin sun gaskata cewa rayukan kakanninsu ne suka dawo ziyara, don haka ake shirya musu abinci da abin sha da kyandir a gida da kan kabari. Al'adarsu ce, su suka san ta. Amma a wurinmu fa? Iyayenmu na farko cikin bangaskiya, a ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna da ƙasar Maguzawa, sun sha tsangwama daga danginsu domin sun ƙi zuba wa kakanni giya da yanka musu kaza. Abin da kaka ya fitar ta ƙofar gaba, jika ya shigo da shi ta taga, har ya biya kuɗi aka kafa masa shi a fata.

Wani abin dariya ma, sanannen hoton nan na ƙoƙon kan mace sanye da ƙatuwar malfar Turawa, wanda José Guadalupe Posada ya zana kafin rasuwarsa a 1913, ba'a ce yake yi wa mutanen ƙasarsa masu raina asalinsu suna kwaikwayon Turai. Yau ga masu kwaikwayo suna yawo da jikokin hoton.

Yanzu gare ku, dattawan ikkilisiya. Littafin Firistoci 19:28 ya hana yanka jiki saboda matattu da kuma yin jarfa, amma idan wannan aya kaɗai za mu ɗaga mu yi tsawa, yaro zai dubi kumatunmu ya ga zanen da wanzami ya yi mana, ya yi murmushi. Gaskiya ne an yi mana shi muna jarirai, ba da shawararmu ba, kuma dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta hana yi wa yaro. Duk da haka wanda ya yi karatu zai kawo mana zancen Kibɗawa, Kiristocin Masar, waɗanda ɗaruruwan shekaru suke yin jarfar ɗan ƙaramin gicciye a wuyan hannu, har akan duba shi a ƙofar majami'a. Kada mu gudu daga wannan misali, domin yana bayanmu. Su ma tsiraru ne kamar mu. Alamarsu abu ɗaya take faɗi, abokin gaba ma ya gane ta, kuma sun san abin da takan jawo musu. Sai mu tambayi namu yaron: taka fa, wa ya taɓa ganinta ya tuna da Yesu kafin ka yi masa bayani?

A ƙasar nan ƙoƙon kai yana da fassararsa tun tuni. Ƙungiyar Pyrates da ɗalibai bakwai suka kafa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952, cikinsu har da Wole Soyinka, ƙoƙon kai da ƙasusuwa ne tambarinta. Ba don zub da jini aka kafa ta ba, amma bayan ɓarkewar ƙungiyoyin asiri a makarantu, mutumin kan titi ba ya tsayawa bambancewa. A zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020, cikin koke-koken matasa har da cewa ana tare su saboda jarfa da irin gashin kansu. Zalunci ne, mun faɗa. Amma mai shingen hanya ba zai tambayi ma'anar fiffike ba. Kuma a garin da majami'armu ɗaya ce tak, inda takardar fili ma sai an yi shekaru ana nema, ba za a ce ɗan wane ba, cewa za a yi 'ya'yan Kirista matsafa ne. Mace mai sayar da kosai a zumuntar mata ita ma sai ta ji a cinikinta.

Ba mu goyi bayan korar wanda ya riga ya yi ba, ko hana shi Jibin Ubangiji a kan tawada. Cire ta sai da na'urar haske a asibiti, zuwa bayan zuwa, da kuɗi mai yawa, sau da yawa kuma tabo yakan rage. Idan muka kore shi, waɗanda ƙoƙon kai yake tambarinsu na gaske suna nan suna jiransa. Abin da muke roƙo shi ne kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana cikin ajin baftisma da taron zumuntar matasa kafin hutu, a sa yaran su kawo hotunan da kansu, a buɗe 1 Korantiyawa sura 15 tare da su, su gwada abin da Bulus ya koyar game da tashin jiki da abin da hoton yake faɗi. Fastoci kuma su fara yin wannan karatu kafin ranar.